Katin da Malama Atika Ta Ba da Ajiya

A Ƙofar Taramniya, cikin birnin Sakkwato, aka haifi Atika, a gidan Malam Abdulshakur baduku, gidan da ƙanshin jar fata ke tarar baƙo tun daga zaure. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'yansa, kuma ita kaɗai ta gaji idonsa wajen awo. Tun tana 'yar shekara tara takan dubi fata a shimfiɗe ta ce za ta ba da takalma ƙafa shida har a sami ragowar gidan wuƙa, a yanka a ga haka ne. Mahaifin yakan ce da ta zo namiji da ya bar mata rumfa ya huta. Da yake ba ta zo namijin ba, sai ya bar ta ta yi boko iyakar son ranta, har ta shiga kwalejin horon malamai.

A can ta haɗu da Wasila, wata 'yar Ƙofar Atiku, doguwa mai saurin dariya. Ɗaki ɗaya aka ba su, bokiti ɗaya suke wanka da shi, kwano ɗaya suke cin gari da ƙuli-ƙuli in guzuri ya ƙare a ƙarshen zango. Atika ta fi ta lissafi, Wasila ta fi ta iya magana da manya. In za a roƙi alfarma wajen malami, Wasila ake turawa. In jarrabawa ta matso, Atika ke zaunar da ita ƙarƙashin dogon yaro tana maimaita mata darasi har ta gane. Da aure ya zo, kowace ita ce babbar ƙawar 'yar'uwarta. Da Wasila ta haifi 'yarta ta fari, sunan Atika aka raɗa mata, ana kiranta Takwara.

Atika ta auri Jalaluddeen, malamin gona, mutum mai ƙarancin magana da yake yini a ƙauyukan Wurno da Goronyo wajen manoman shinkafa da albasa. Suka zauna a Arkilla, suka haifi 'ya'ya uku. Aiki ya sake haɗa ƙawayen biyu a wata firamare ta unguwar, Atika tana aji biyar, Wasila tana aji uku. Shekara goma sha bakwai Malama Atika ta yi a wannan makaranta. Da marafan kwalba take koyar da rabawa, tana da buhu guda cike da su a bayan ƙofar aji. Muryarta takan kai har bakin titi in tana taron safe. Tana da wata ɗabi'a ta kallon yaro cikin ido har sai ya faɗi gaskiya ko ya tuno amsa. Aka ba ta mataimakiyar shugaban makaranta, kuma shugaban, wani dattijo Malam Sodangi, ba ya ɓoye cewa in ya yi ritaya ita yake so ta gaje shi.

Tana da shekara arba'in da ɗaya abin ya fara, a cikin bazara. Ta tashi da safe wuyanta ya riƙe. Ta ɗauka fanka ce ko matashi, ta shafa man zafi ta tafi aiki. Mako ya wuce, wata ya wuce, bai saki ba. Sannan ta lura in ta juya za ta yi rubutu a allo, kanta yana karkata hagu da kansa, haɓarta tana neman kafaɗa, kamar wani ya kama mayafinta ta baya yana ja a hankali. In ta yi ƙoƙarin miƙe shi sai ya kama rawa, yana kaɗawa gefe da gefe. Zafi kuma ya taso daga bayan kunne ya sauka har allon kafaɗa.

Yara ne suka fara rikicewa. Ta tambayi wata yarinya bakwai sau takwas, yarinyar ta ce hamsin da shida. Kan Malama ya girgiza. Yarinyar ta yi maza ta ce hamsin da huɗu, sannan ta ce sittin, sannan ta fashe da kuka. Atika ta tsaya da alli a hannu, ta rasa yadda za ta gaya wa 'yar shekara goma cewa amsarta ta farko daidai ce, kan ne ba ya jin maganar mai shi.

Ba irin maganin da ba a gwada ba. Wanzami ya yi mata ƙaho. Wani mai ɗori ya ja wuyan har ta ga wuta. Mahaifiyarta ta kawo malamin da ya yi mata ruƙiyya kwana bakwai, ya ce shafar iska ce. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau, aka ba ta maganin ciwon jiki. Ita da kanta ta gano wata dabara: in ta ɗora yatsu biyu a kumatunta na hagu, ko ba ta danna ba, kan yakan lafa ya dawo tsakiya na ɗan lokaci. Sai dai duk wanda ya gan ta haka sai ya ce tagumi ta yi. Tsofaffi sukan kai hannu su cire mata hannun, su ce, “Bari tagumi, ɗiyata, ba shi da kyau ga mai iyaye raye.” Da an cire, kan ya koma inda yake.

Ciwon wuyan kowa yana gani. Akwai wani kuma da ya biyo bayansa wanda ba wanda ya gani. Da keke ya sauke ta a ƙofar makaranta sai gabanta ya kama faɗuwa, tafin hannunta ya jiƙe, numfashi ya yi mata wuya, kuma gwargwadon faɗuwar gaban gwargwadon ƙarfin jan wuyan. Ta bar wa wani malami taron safe. Ta daina zuwa biki da suna. Wata dattijuwar maƙwabciyarsu ta kai ƙara wajen Jalaluddeen cewa ta gaishe da matarsa ta kau da kai, wai tun da aka ba ta mataimakiya take jin kanta. Ko a salla, in ta zo sallama ta dama sai ta juya da kafaɗunta gaba ɗaya. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina daɗi. Takan zauna a tsakar gida da tiren shinkafa tana tsincewa, sai ta ga hawaye na ɗiga a kai ba ta san lokacin da suka fara ba. Ta soma jin cewa ita kaya ce a kan mijinta da 'ya'yanta. Jalaluddeen ya ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta shiru, ita kuma ba ta gyara masa ba.

Sai bayan shekara ɗaya da wata biyu aka tura ta wajen likitan jijiya. Wani matashi ne mai Hausar Kano a baki. Ya sa ta yi tafiya, ya sa ta rubutu, ya ce ta nuna masa yadda take ɗora yatsu a kumatu. Da ya ga kan ya dawo daidai sai ya gyaɗa kai.

“Malama, ciwonki yana da suna. Distoniya ake ce masa. Jijiyoyin wuya ne ke ɗaurewa ba da izininki ba, saboda saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika musu ya rikice. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Ba ya kisa, amma ba kasafai yake warkewa ba. Akwai ƙwaya, akwai kuma allurar da ake yi a wuya duk wata uku tana sassauta shi.”

Ya ajiye biro ya dube ta. “Yanzu zan tambaye ki wani abu dabam. Kina barci? Kina jin daɗin abin da a da kike jin daɗinsa?”

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai kuka ya ƙwace mata. Likitan ya jira har ta tsagaita, sannan ya ce da yawa daga masu wannan ciwo suna fama da fargaba da ciwon damuwa, kuma ba raunin imani ba ne, ciwo ne shi ma da ake magani. Ya rubuta mata takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

A Sakkwato in aka ce an kai wane Kware, ba a neman ƙarin bayani. Atika ta naɗe takardar nan ta cusa a cikin littafin darasi, ta yi kwana goma tana yawo da ita. Ta kasa nuna wa mijinta, tana tsoron ya dube ta da wani ido. Ta kasa nuna wa mahaifiyarta, don ta san kafin la'asar dangi duk sun ji. A rana ta goma sha ɗaya, bayan an tashi yara, ta rufe ƙofar aji ta miƙa wa Wasila.

Wasila ta karanta, ta kama hannunta. “To mi na abin kunya a nan? Ciwo na, kamar hawan jini. Ni za ni kai ki da motata. In anka tambaya mu ce Illela munka tahi diban atamhwa.”

Ranar Talata suka tafi. Da motar ta hau gadar gulbin Rima, Atika ta dubi ruwan ta ce a hankali, “Wasila, in hwaɗa miki wani abu da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba? Akwai ranar da keke yab biyo da ni ta wata gada, nij ji ina ma shi ƙwace mu hwaɗa ruwa, in huta, kowa shi huta. Ban yi niyyar komi ba. Amma na ji hakan a raina, kuma na tsorata da kaina.”

Wasila ta gangara gefen titi ta tsayar da mota. Ta rungume ta, su biyun suka yi kuka. “Wagga magana ta mutu nan,” in ji ta. “Daga ni sai ke sai Allah.”

A asibitin aka karɓe ta da mutunci. Wata likita ta saurare ta kusan awa guda, ta rubuta mata magani, ta sa mata ranar dawowa. Aka ba ta kati mai sunanta da lambarta da sunan asibitin a sama da manyan baƙaƙe. A hanyar dawowa Atika ta yi ta juya katin a hannu. 'Yarta babba ta kai shekarun buɗe jakar uwa, Jalaluddeen kuma yakan nemi makulli a ciki.

“Kawo shi in aje miki,” in ji Wasila. “Tunda ni ka kai ki, kullum shina jakata.”

Atika ta miƙa mata, har da godiya.

Wata bakwai suna wannan tafiya, kuma Atika ta samu sauƙi ƙwarai. Barci ya dawo. Allurar wuyan ta rage jan da kusan rabi, ko da yake takan sake kafin wata ukun ya cika. Likitar ta koya mata yadda za ta riƙa numfashi in faɗuwar gaba ta taso, ta kuma ba ta shawara ta gaya wa 'yan ajinta gaskiya. Ta yi hakan. Ta ce musu, “In kaina ya girgiza, kar ku kula shi. Bakina za ku saurara.” Yaran suka yi dariya, ita ma ta yi. Ta koma tsayawa a taron safe, yatsu biyu a kumatu, muryar nan tana kaiwa bakin titi.

A wannan lokacin Malam Sodangi ya yi ritaya. Ofishin ilimi ya ce duk malamin da ya cika shekarun aiki ya nemi kujerar. Atika ta cika takarda. Wasila ma ta cika, ta zo da kanta tana dariya ta ce an ce dole sunaye su kai uku, ita cikon benci ce kawai, kowa ya san mai kujera.

Ranar ganawa Atika ta sa leshinta ruwan toka, ta shiga gaban mutum uku. Suka yi mata tambayoyi kan tsarin karatu da rajistar yara, ta amsa ba gargada. Har ta fara jin sanyi a ranta. Sai shugaban kwamitin, wani mai farin gilashi, ya buɗe fayil ya zaro takarda biyu ya tura ɗaya gabanta.

“Malama, kin san wanga?”

Hoton katinta ne. Sunanta, lambarta, sunan asibitin.

“Akwai kuma wasiƙa da anka aiko muna, ba sa hannu. Mai rubutun ta ce kishin yara yas sa ta.” Ya gyara gilashi ya karanta. A cikin wasiƙar an ce Malama Atika tana shan maganin taɓin hankali tun wata bakwai a ɓoye, ko mijinta bai sani ba. An ce ta taɓa furtawa da bakinta cewa tana son abin hawa ya faɗa gulbi da ita. Ya ɗago kai. “Ba mu ce ciwo laihi na ba. Amma ki duba mana. Ɗiyan mutane ɗari bakwai. In wani abu yaf faru, mi za mu ce ma iyayensu?”

Atika tana da amsa. Tana so ta ce wata bakwai ɗin nan su ne mafi kyawun aikinta a shekara biyu. Tana so ta ce ga lambar likitarta, su kira su ji. Amma wuyan ya ɗaure tamau, kan ya juya ya bar su yana kallon bango, yana rawa, yatsun ma suka ƙi aiki. Ta ji wata mata da ke cikin kwamitin ta ce “Allah sarki” a hankali. Ta miƙe ta ɗauki jakarta ta fita ba ta yi sallama ba.

Ba ta tsaya tunanin wa ya yi ba. Katin a hannun mutum ɗaya yake, maganar gada kuma kunne biyu kaɗai suka ji ta. Ta tari keke ta ce Ƙofar Atiku.

Ta tarar da Wasila a tsakar gida da la'asar, ta riga ta dawo daga tata ganawar, tana yanka alayyafo. Takwara ta taso da gudu za ta karɓi jakarta kamar kullum, uwar ta ce ta shiga ɗaki.

“Ba ni katina,” in ji Atika.

“Lahiya? Zamna mana.”

“Na gan shi bisa teburinsu, Wasila. Sun karanta min maganar gada.”

Wasila ta fara da rantsuwa. Ta ce wataƙila wani ya gan su a asibitin, wataƙila ma'aikaci ne ya fitar. Atika ta tsaya tana kallonta da gefen ido, don ta nan kaɗai take iya kallo. Can Wasila ta ajiye wuƙar.

“To, ni ta. Amma wallahi don ke niy yi. Ki dibi yadda kike. Aikin nan zai kashe ki: taro, iyayen yara, masu duba makarantu. In na ce ki janye ba ki ji. Kuma ni ma shekara goma sha bakwai ina aiki, Atika. Kullum ke, kullum ke. Tun kwaleji anka san ki da ƙwaƙwalwa, ni 'yar rakiya. Ba wanda yat taɓa tambaya ta ko ni ma ina so.”

“Da kin ce kina so, da na bar miki,” in ji Atika. “Kujera ta, katako. Abin da nib ba ki ajiya ba kujera ba ta.”

Wasila ta shiga ɗaki ta fito da katin. Ba ta miƙa mata a hannu ba, ta ajiye a kan turmi. Atika ta ɗauka ta fita.

Bayan mako uku takarda ta fito, Wasila ce shugabar makaranta. Kafin nan maganar ta gama Arkilla, kuma kamar kowace magana, ta ƙara kiba a hanya. Wasu suka ce an kama Malama Atika tana shirin faɗawa gulbi. Wasu suka ce ɗaure ta ake yi a Kware. Iyaye huɗu suka zo suka ce a cire 'ya'yansu daga ajinta. Sabuwar shugaba ta ce don a samu kwanciyar hankali, kuma don Malama ta huta, an ɗauke ta daga aji an ba ta kula da ɗakin ajiyar littattafai. Ɗaki ne mai taga ɗaya a ƙarshen gini, ba mai shiga sai mai neman alli.

Mutum ɗaya ce ke leƙo ta, Malama Esther, wata 'yar Zuru mai koyar da Turanci, takan kawo ƙosanta su ci tare lokacin tara. Ita ce wata rana ta kasa riƙewa ta gaya mata. Ta ce Wasila ta kawo mata wasiƙar nan ta gyara mata Turanci ta kuma sa hannu a matsayin shaida, ita ta ƙi, ta ce ba ta cin naman mutum. Atika ta tambaye ta yaushe ne. Esther ta ce tun kafin hutun ƙaramar salla. Atika ta lissafa a ranta. Bayan wannan lokacin Wasila ta kai ta Kware har sau biyu, ta zauna kusa da ita a benci, ta saya mata fura a hanyar dawowa. Wannan lissafin ya fi duk abin da ya gabata yi mata ciwo.

Jalaluddeen a majalisar ƙofar masallaci ya ji, daga bakin mutumin da ya zo yi masa jaje. Ya shigo gida da hantsi ya zauna a bakin gado.

“Shekara ashirin muna tare,” ya ce. “Kinka zaɓi ƙawa kinka bar ni. Mi niy yi miki da kinka ga ba ni iya riƙe sirrinki?”

“Ba ka yi komi ba. Tsoro niy yi kar ka ga mahaukaciya in ka dibe ni.”

Ya tashi ya fita. Kwana biyar suna gaisuwa kawai.

Atika ta daina zuwa Kware, ta zubar da sauran maganin a masai. Ta ce a ranta maganin ne ya ja mata, da ta haƙura da ciwonta da yanzu tana ajinta. Ta ɗauki hutun rashin lafiya ta kulle kanta a ɗaki. Duhun da ya tafi ya dawo ya fi na da. Ta rame har zobenta yana zamewa. In an yi sallama a ƙofar gida sai jikinta ya ɗauki ɓari. Ba ta yarda da kowa ba: in 'yarta ta tambaye ta jiki sai ta yi tunanin wa za ta je ta gaya wa. Lokacin allurar wuya ya zo ya wuce ba ta je ba, har haɓarta ta kusa manne wa kafaɗa.

Wata uku aka yi haka. Wata safiya Jalaluddeen bai fita aiki ba. Ya wanke babur ɗinsa, ya shigo ya ce ta shirya. Ta ce ba inda za ta.

“Na je Kware jiya ni kaɗai,” ya ce. “Na ishe likitarki. Ba ta hwaɗa min sirrinki ba, ta ce ba ta da izini. Amma ta yi min bayanin ciwon. Atika, manomi in shinkafatai ta kamu da cuta ba ɓoye ta shikai ba, kirana shikai. Ni da nika gaya ma mutane haka, ga shi cikin gidana ban gani ba. Nawa laihin ke nan. Tashi mu tahi da rana tsaka, duk mai son gani shi gani.”

Ta hau bayan babur ɗin, ta jingina kumatunta a bayansa, kan ya lafa. Haka suka ratsa Arkilla mutane suna kallo.

Dawowar ba ta yi sauri ba. Sai da aka canza magani, sai da ta shafe kusan shekara kafin ta iya shiga kasuwa ita kaɗai. Ta nemi a sauya mata makaranta, aka yi ta jan ƙafa, daga baya tsohon shugabanta Malam Sodangi ya shiga maganar aka mayar da ita wata ƙaramar firamare a cikin tsohon gari, kusa da gidan mahaifinta. Aji huɗu aka ba ta, ba muƙami. Ranar farko ta gaya wa sabon shugaban komai da bakinta, wuya da damuwa da Kware, don kada wani ya riga ta. Ya ce shi dai lissafi yake so yara su iya. Har yanzu tana can. Wuyan bai warke ba, kuma akwai makonnin da damuwar ke dawowa ta zauna mata a ƙirji. Abin da bai dawo ba shi ne sakin jiki da mutane. Malaman wurin suna cewa tana da kirki amma ba ta da ƙawa, tana gaisawa da kowa, ba ta zama hira.

Bara Malam Abdulshakur ya rasu. Ranar uku, gidan cike da mata, sai ga Wasila ta shigo da babban mayafi. Shekara biyu rabon da su haɗu. Ta durƙusa gaban mahaifiyar Atika ta yi ta'aziyya, sannan ta matso kusa da Atika ta zauna a gefen tabarma. Ta yi addu'a ga mamaci. Sai ta sassauta murya yadda ba mai ji.

“Atika, mutuwa wa'azi ta. Ban ji daɗin kujerar nan ko kwana ɗaya ba. Ki yahe min.”

Atika ta daɗe tana jan carbi. Ta san abin da addini ya ce, ta san abin da mahaifinta zai ce da yana raye. Ta duba zuciyarta da gaske, ta nemi yafiyar, ba ta same ta ba tukuna, kuma ba ta son ta yi ƙarya a gidan makoki.

“Allah shi yahe muna gaba ɗaya,” ta ce.

Wasila ta jira ko akwai ƙari. Babu. Wasu mata daga Gidan Igwai suka yi sallama, Atika ta gyara zama ta amsa musu gaisuwa, Wasila ta tashi ta ba su wuri a tabarmar.